Ranar da Shuɗiyar Leda Ta Ƙare

Na daɗe a gidan burodin nan, ranaku da yawa sun shige ban riƙe su ba, amma ranar da shuɗiyar leda ta ƙare mana har yau ba ta fita daga raina ba. Ku da kuka kama aiki kwanan nan kuna jin tsofaffin direbobi suna ambaton ta suna dariya. To, a ranar babu wanda ya yi dariya. Bari in ba ku labarin yadda ya faru, don na ji an fara ƙara masa gishiri, har wani yana cewa an jefe mu da duwatsu. Ba a jefi kowa ba.

A lokacin ni ne mai kula da rabon kaya, aikin da wasunku ke koyo yanzu. Masu kwaɓi su kwaɓa fulawa, masu gashi su gasa, 'yan leda su zuba a leda in ya huce, daga nan burodi ya zama nawa. Ni ke raba shi mota-mota. Ni ke sanin wane shago ke ɗaukar manya, wane mai shayi ne ba ya son yankakke, kuma ni ke amsa tambaya in mota ta dawo da kaya. Sama da ni Alhaja ce kaɗai, mai gidan. Ƙasa da ni direbobi da masu lodi, su ke ce mini Oga Sabo.

Wanda bai yi sana'ar nan ba gani yake burodi shi ke sayar da kansa. Ba haka abin yake a Jos ba. Garin nan garin albashi ne da 'yan makaranta. In an biya ma'aikata kasuwa ta motsa, in wata ya yi nisa ko ɗalibai sun tafi hutu sai ka ga burodi yana kwana. Ga fulawa kullum tana hawa, ga man janareta, ga masu karɓar haraji kala-kala, ga gidan burodi a kowane lungu. Abin da duk muke faɗa a kai shi ne tebur. Kowane shago tebur ɗaya gare shi na burodi, ko akwatin gilashi ɗaya, kuma wanda ya saba cika shi da safe shi ne mai shi. Ka yi fashin kwana biyu, mai shago ba zai zauna da tebur wayam yana jiran ka ba. Motar wani gidan za ta cika shi, kuma fitar da ita sai an sha wuya. Sau da yawa ma ba ta fita.

Yanzu maganar leda. Alhaja Bayarabiya ce, amma a garin nan aka haife ta, Hausarta ta fi ta wasunmu. Musulma ce, marigayi mijinta Kirista, a gidansu a yanka rago da Sallah a dafa shinkafa da Kirsimeti, ba su taɓa ɗaukar abin a bakin komai ba. Da farko leda ɗaya muke da ita, koriya, da hoton bishiyar dabino da suna irin namu na Musulmi. Sai aka yi ɗaya daga cikin rikice-rikicen garin nan, wanda ya raba unguwanni, ya raba kasuwanni, mutane suka fara duba kaya suna tambayar na wane ne. Motarmu ta Kabong da Gada Biyu, unguwannin Kirista, ta riƙa fita cike tana dawowa cike. Alhaja ta ga in aka ci gaba a haka sai ta sallami rabin ma'aikata. Sai ta yi rajistar wani suna na biyu da sunan mijinta, ta sa aka buga shuɗiyar leda da hoton kurciya. Ba a karya doka ba, komai da takardarsa. Kwaɓi ɗaya, tanda ɗaya, hannu ɗaya. A wurin zubawa a leda ne kawai burodi ke zaɓar addini.

Koriya ta tafi unguwannin Musulmi da direba Musulmi, shuɗiya ta tafi na Kirista da direba Kirista. Aka cire allon da ke ƙofar gida, shi ya sa har yau in kun kwatanta wa mai keke wurin aikinku a Tudun Wada sai kun haɗa da shagon mai walda. Ba a taɓa tara mu an ce kada a faɗa ba, amma kowa ya san abin da ba a faɗa. Kuma ba mu kaɗai ba ne. Na san gidan wani Kirista da ke yin irin wannan ta ɗaya ɓangaren.

Abin ya kan ba ni dariya wani lokaci. Akwai wani mai shayi, Ɗanlami, tsohon kwastomanmu na koriya. Wata rana wani fasinja ya bar masa shuɗiya a kan benci, ya ɗanɗana, da na je ya tare ni yana yatsina fuska. Ya ce, "Oga Sabo, ka ji abin da mutanen can ke ci kuwa? Kamar katifa. Ba su iya burodi ba sam." Na ce masa ai kowa da baiwar da Allah ya yi masa. Ya ƙara mini madara a shayi don na yarda da shi.

Direban motar Kabong a lokacin shi ne Dung, mutumin Birom, ya riga ni zuwa gidan nan. Mutum ne mai fara'a, in yana waƙar coci a bakin mota sai masu gashi su ce ya rage murya kada burodi ya faɗi. Hanyar Kabong ita ce abincinsa, shi da masu lodinsa biyu. Ka'idar gidan nan kun san ta: in hanya ta mutu, mota ta kwanta, mutanenta su tafi gida. Dung kuwa yana da yara a makaranta, ga tsohuwa a gida.

Ita kuma hanyar Kabong a hannun mace ɗaya take, Ngo Kaneng. Ngo a wurinsu kamar a ce uwa ne, haka kowa ke kiran ta. Ita ke da shago mafi girma a layin, ita ce shugabar matan masu shaguna, abin da ta ɗauka shi sauran ke ɗauka. Matar ƙanin mahaifin Dung ce. A wancan rikicin an ƙone mata shagonta na farko a cikin gari ƙurmus, mijinta bai ƙara lafiya ba daga nan har ya rasu. Da talla a faranti ta sake farawa. Dung ne da kansa ya fara kai mata shuɗiyar leda, bai kuma taɓa gaya mata daga wace tanda take fitowa ba.

Wata Litinin cikin damina, da la'asar, mai kula da sito ya same ni ya ce shuɗiyar leda ta ƙare. A kudu ake buga mana ita. Koriya ta iso tun makon da ya wuce, ta shuɗiya kuwa sai yau sai gobe. Alhaja ta buga waya a gabana, mai buga ledar ya ce injinsa ne ya lalace, a ba shi mako ɗaya, wataƙila ya ɗan wuce. Duk wanda ya yi hulɗa da masu inji ya san ma'anar "wataƙila ya ɗan wuce".

Washegari da safe burodin Kabong ya fito, ya huce, yana jere a kan katako tsirara. Alhaja ta kira ni da Dung ofis.

Dung ya ce, "Mama, mu ce mota ne ya lalace. Sati ɗaya ne kawai. Ni zan bi su shago-shago in roƙe su, za su jira."

Na ce, "Su jira su sayar da me? Kafin Alhamis wani ya cika teburan nan. Ka fi ni sani."

Ya ce to a zuba a farar leda marar suna. Alhaja ta girgiza kai. Burodi marar suna masu duba abinci kwashe shi suke yi, su rufe gida, kuma ba ta taɓa yi ba, ba za ta fara da tsufanta ba. Ta juya zoben hannunta. Can ta ce, "Ku zuba a kore ku kai. In sun tambaya ku faɗi gaskiya. Ni na gaji. Sabo, ka bi shi."

Dung ya miƙe tsaye. Ban taɓa jin ya ɗaga wa Alhaja murya ba sai ranar. Ya ce, "Mama, ni ne zan shiga coci da mutanen nan ran Lahadi, ba ku ba. Ni ne zan zauna kusa da su."

Ta ce, "Na sani, Dung. In kana da wata hanya da ba za ta kashe motarka ba, faɗa mini."

Ba shi da ita. Aka zuba a kore.

Ana yayyafi muka fita. Daga Tudun Wada zuwa Kabong ba wata tafiya ba ce, amma ranar ta yi mini tsawo, don ko waƙar Dung babu. Ni kaina rabona da shiga layin nan tun kafin rikicin, ga shi na sa hula. A Gada Biyu na kai hannu zan cire ta, sai na ji kunyar kaina na bar ta.

Mun tarar da Ngo Kaneng tana share gaban shago, doguwar mace ce mai furfura a gefen kallabi. Ta amsa gaisuwar Dung da fara'a, ta dube ni ta ce sannu da zuwa. Mai lodi ya ajiye tiren farko a kan tebur. Ta jingine tsintsiya. Ta ɗauki burodi ɗaya, ta dubi dabinon da ke jikin ledar, ta matsa shi da yatsa yadda masu shago ke yi, ta kai hanci.

Ta ce, "Dung, wannan na su wane ne?"

Ya ce, "Namu ne, Ngo."

"Naku ku su wa?"

Ya dube ni. Sai na matso na yi bayani yadda na iya: gida ɗaya ne, mai shi ɗaya ce, burodin da ta saba sayarwa ne, leda ce kawai ta ƙare. Ta saurare ni har na gama amma ko sau ɗaya ba ta dube ni ba. Idonta na kan Dung.

"Tun yaushe?"

"Tun farko, Ngo."

"Kai ka sani tun farko?"

"Na sani."

Na zaci za ta yi faɗa, har na shirya haƙurin da zan bayar. Ba ta ɗaga murya ba. Ta mayar da burodin cikin tire a hankali, ta gyara masa zama, ta ce, "Mayar da kayanka mota." Ta ɗauki tsintsiyarta ta ci gaba da shara.

Layin gaba ɗaya yana kallo. Shago na gaba matar ta ce yau ba ta buƙata. Na gaba da shi ma haka. Wani ya ja ƙofarsa tun kafin mu iso. Ba wanda ya zage mu, ba wanda ya yi mana tsawa, wannan ne ma ya fi kashe mini jiki. Muna juya mota a bakin titi sai ga motar wani gidan burodi tana shigowa, yaron da ke tuƙa ta har da ɗaga mana hannu. Labari a garin nan ya fi mota gudu.

Muka dawo da kaya kamar yadda muka fita da su. Na rarraba abin da na iya ga motocin koriya, sauran aka karyar wa masu shayi. Dung ya shiga ofis ya ajiye makullin mota a kan teburin Alhaja. Ya ce, "Mama, na gode da zama. Hanyan ya mutu, gara in tafi da ƙafana kafin a ce in tafi." Idonsa ya yi ja. Na tausaya masa ƙwarai, don na san ba aikin kaɗai yake tunani ba. Ngo Kaneng ita ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsa.

Alhaja ta tura masa makullin. Ta ce, "Ɗauki abinka. Gobe da ni za a je."

Bayan ya fita na yi ƙoƙarin hana ta. Na ce mai gida ba ta bin mota, kuma in aka ci mata fuska a gaban ma'aikata ba za ta gyaru ba. Na ce ta bari in nemi wani dattijo na cocinsu ya shiga tsakani. Ta ce, "Sabo, ni na buga ledar nan, ba dattijon coci ba. A zuba kaya kamar kullum."

Ranar Laraba muka koma, Alhaja a gaba kusa da Dung, ni a baya tare da masu lodi da tire. Abin da na fara dubawa da muka tsaya shi ne tebur. Rabinsa cike da burodin wancan gidan. Na ce a raina shi ke nan, an gama.

Alhaja ta sauko da ƙyar, don gwiwa na damun ta. Ta je gaban Ngo Kaneng ta ɗan rusuna irin gaisuwarsu ta Yarabawa, ga ta kuwa ba yarinya ba. Ta ce, "Ngo, ina kwana. Ni ce mai burodin. Na zo da kaina."

Ngo ta dube ta sama da ƙasa. Ta jawo akwatin lemo ta kife, ta shimfiɗa masa kwali, ta ce wa Alhaja ta zauna. Ita ma ta zauna a kan kujerarta. Ni da Dung muka tsaya a bakin ƙofa kamar 'yan makarantar da aka kira iyayensu.

Alhaja ba ta yi kwana-kwana ba. Ta faɗi yadda mota ta riƙa dawowa cike, da yawan bakunan da ke ci a gidan, Musulmi da Kirista, da yadda ta rasa abin yi ta ɗauko sunan mijinta. Ta ce, "Ban zo in wanke kaina ba. Dung umarni ya bi. In akwai laifi nawa ne, kada ki hukunta shi da yaransa."

Wata yarinya ta zo sayen sukari, Ngo ta tashi ta auna mata, ta dawo ta zauna.

Ta ce, "Alhaja, bari in faɗa miki gaskiya. Shekaran da aka ƙone mini shago, in da kin kawo mini wannan kore, a kwata zan zubar, in bi in taka. Ba zan ɓoye ba. Lokacin ko gaisuwanku ba na so in ji. Da kika ɓoye, kin yi daidai."

Alhaja ta ɗago kai. Ni ma ban zaci haka ba.

Ngo ta ci gaba. "Amma tun yaushe ke nan? Jikan da nake goyo lokacin, yanzu ya fi ni tsawo. Naman da ke tukunyana yau, wurin Malam Isa mahauci na saya. Wanda ya ɗinka mini rigan nan, Musulmi ne. Kin san yadda na kai nan? Ni kaɗai na yi ta faɗa da zuciyana, shekara da shekaru. In yi kuka, in yi addu'a, in tashi da safe abin ya dawo, in sake. Ba wanda ya taya ni. Har Allah ya taimake ni na huce. Wannan shi ne aiki mafi wuya da na yi a duniya, ya fi sake gina shago wuya." Ta nuna Dung da baki. "Sai jiya na gane, ashe kowane safe ɗan wan mijina yana shigo mini da leda da ke cewa, matan nan tana nan inda aka bar ta, a ɓoye mata. Duk wahalan da na sha, a wurinku ban motsa ba. Ba wanda ya zo ya tambaye ni."

Maganar nan ta shige ni har ƙashi. Tun jiya nake lissafin abin da zai ɓata mata rai: dabino, suna, addinin mai gida, hulata. Ban kawo wannan ba ko kaɗan.

Dung ya durƙusa a nan bakin ƙofa, a cikin laimar ruwan jiya. Ya ce, "Ngo, tsoro na ji."

"Tsoron me?"

"Kar ki ce na ci amanan Baba mijinki. Kar ki ce ina cin abincin waɗanda suka…"

Ta ce, "Da ka tambaye ni a shekaran farko, haka zan ce. Da ka sake tambaya daga baya, da ka ji wani abu dabam. Kai kana nan kana cin abinci kwano ɗaya da su, ka huce abinka, ni ce ba zan iya ba? Tashi, kana ɓata wando."

Alhaja tana share ido da gefen mayafi. Ta ce, "Ki yi haƙuri, Ngo. Ni ma tsoron ne. Da na ga ledar tana aiki sai na daina tunani." Ngo ta ce ta ji. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta kuma ce ba ta yafe ba. Ta tambayi Alhaja abin da take shafa wa gwiwa, ta faɗa mata wani man da ya fi shi.

Ni dai idona na kan tebur, don aikina ke nan, kuma duk wannan maganar ba ta sauke tire ko ɗaya ba tukuna. Ngo ta lura. Ta ce, "Malam, na ga kana kallon tebur. Rabin nan na ba yaron jiya, kuma ba zan kore shi ba. Shi bai ɓoye mini komai ba. Rabi ya rage. Ku sauke."

Mai lodi ya yunƙura, ta ɗaga masa hannu. "Ba kai ba. Dung."

Direba a gidan nan ba ya ɗaukar tire, kun sani, girma ne da ake kaiwa bayan shekaru. Dung ya cika mata rabin tebur da hannunsa. Da ya gama ta ce ya ɗauko wani tiren ya ɗora a ka. Ta ɗaura zani sosai, ta shige gaba, shi yana biye da tire cike da koriyar leda, ni a bayansu. Shago-shago ta bi. A kowace ƙofa sai ta tsaya ta kira mai shagon da sunanta ta ce, "Burodin da kike sayarwa tun da, ga shi a rigansa na gaskiya. Mai shi Musulma ce, tana zaune a shagona. Ni na ɗauka. Ke kuma ki yi abin da zuciyanki ya ba ki, ba dole."

Wasu suka ɗauka nan take, har da tsokanar Dung wai ashe wuyansa na aiki. Wasu suka ce sai shuɗiya ta dawo, kwastomominsu ba za su gane ba. Wata mata ta dubi tiren, ta dubi Ngo, ta ce, "Ngo, ni ban kai nan ba tukuna." Ngo ta dafa kafaɗarta ta ce, "Ba komai, 'yata," muka wuce. Daga baya Dung ya gaya mini ɗanta na fari ne bai dawo gida ba a wancan rikicin.

Hanyar Kabong ba ta mutu ba, amma ba ta koma yadda take ba. Teburan da wancan gidan ya shiga, ya shiga ke nan, har yau muna raba su da shi. Kaya suka ragu har sai da aka mayar da mai lodi ɗaya wurin gashi. Dung ya riƙe motarsa har ya yi ritaya, yaransa suka gama makaranta. Ran Lahadin da yake tsoro ya je coci, ya ce wasu sun ɗan ja jiki, Ngo kuwa ta matsa masa wuri a bencinta. Shuɗiyar leda ta iso bayan kusan mako uku. Ngo Kaneng ba ta ƙara karɓar ta ba, koriya take so. Wasu shagunan a layin shuɗiya suke so har gobe, shi ya sa kuke ganin muna buga duka biyun.

Abin da na ɗauka daga wannan ranar shi ne abin da ya sa nake tura ku zagayen farkon shekara, wanda na san wasunku na ganin ɓata mai ne. A sana'ar nan muna yawan cewa mun san kwastoma. Gaskiya mun san shi, amma a ranar da muka fara saninsa. Daga nan sai mu rufe shi a wannan ranar mu yi ta kai masa kaya, shi kuwa yana can yana fama da rayuwarsa, yana canzawa ba mu da labari. Garin nan ya ga abubuwa, kowane mai shago da abin da yake ɗauke da shi, wani ya sauke, wani bai sauke ba, kuma ba za ka gane daga sunansa ko unguwarsa ba.

Don haka in kun je, ku gaisa, ku faɗa wa mai shago gida ɗaya ne, ku tambaye shi wace leda yake so. In ya ce shuɗiya ku ba shi shuɗiya, in ya ce koriya ku ba shi koriya. Kada ku yi masa wa'azi, ba ku san wanda ya binne ba. Amma baɗi ku koma ku sake tambaya.